Na Farkon Tukunya

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina cigaba", ga shi nan. Masu cewa Wilfred ya bar wa Allah, na ji ku.

*

"Buɗe hannunka."

"Sista, matsa min. Madara na kan wuta."

"Na ce buɗe hannunka, Wilfred!"

Bai buɗe ba. Becky ce ta damƙi yatsunsa ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi masa tun yana ƙarami in ya tsamo nama a miya. Ƙullin leda ne. Ta kwance, ta ga gari kore mai duhu, ta kai hanci. Nan take fuskarta ta sauya.

"Filasko."

"Ashe kin san shi."

"Filasko a kicin ɗin Mama? Ranar da za mu gasa kek ɗinta? Yesu! Wa za ka zuba wa?"

"Kin san wa."

Ta sani. Duk layinsu na Mahuta, in da za a tambaya, an san amsar.

Gobe Lahadi Mama Juliana ke cika shekara da rasuwa, za a yi sujadar godiya a cocinsu na Sabon Tasha. Yau da yamma kuma matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, za su zo gidan su yi addu'a, shugabarsu a gaba: Anti Hadassah, yayar marigayi babansu. Fasto da kansa ya ce a gasa kek ɗin marigayiyar, Anti Hadassah ta fara kai shi baki a gaban mata, don kowa ya shaida magana ta mutu.

A wurin Fasto ta mutu.

"Ba kashe ta zan yi ba," in ji Wilfred. "Yau ta ci. Gobe tana gaban coci cikin farin zanin Zumunta tana ba da waƙa, cikinta ya murɗa. Ta ɗanɗana abin da ta ce kek ɗin Mama ya yi wa mutane. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Ka ji bakinka kuwa?"

"Na ji."

"In cikinta ya ɓaci bayan ta ci kek ɗin gidan nan, me za a ce? Za a ce ashe gaskiya ta faɗa! Kai da hannunka za ka buga wa ƙaryarta tambari, mai kan kwakwa!"

"Mata cike da tsakar gida za su ci, babu wadda za ta ji komai. Ita kaɗai. Kowa zai ce alhakin Mama ne ya kama ta."

Becky ta tsaya tana kallonsa. Abin da ya tsorata ta ke nan: ya zauna ya tsara abin, ba zafin zuciyar yau ba ne.

"Willy, ni ma uwata ce."

"Da sauran shakka."

Marin ya sauka kafin ya rufe baki. Bai taɓa kumatun ba. Ta fice da ledar zuwa bakin ƙofa, ta zazzage garin a kwata, ruwan saman da ya kwana yana gudu ya tafi da shi. Ta dawo tana kakkaɓe hannu, idonta jawur.

"Rantse min magana ta ƙare."

"Kin zubar ai."

"Rantse."

"Madara za ta ƙone, Sista."

Ya juya wajen tukunya. Bai rantse ba, ita kuma ba ta lura ba.

Abin da ba ta sani ba, tun a kasuwa ya raba garin biyu. Rabi yana cikin kwalin ashana a aljihun wandonsa. Yana jin tudunsa a cinya duk motsin da ya yi, yana kuma jin muryar tsohon da ya sayar masa: "Samari, ɗan tsunkule ya isa ƙaton namiji. Kuma ka ji da kyau, ban da mai ciki. Ko kusa."

*

Kek ɗin Mama ba irin na shago ba ne. Da yis ake yinsa kamar burodi, amma ya fi burodi laushi da maiƙo, a kitse yake kamar gashi, cikinsa kuma layi-layi ne na cakulan da gyaɗa. Ta koyo shi tun tana budurwa a gidan wasu Turawa da ta yi wa aiki can wajen Rido. Su da wata irin ƙwaya ta ƙasarsu suke yi. Ita ta mayar da shi gyaɗa da kashu, ta mayar da oven ɗinsu tukunya da yashi. Da shi ta kai su makaranta. Biki, suna, Kirsimeti, in babu kitson Juliana a tebur, to taro bai cika ba.

Wilfred ya zuba yis a madara mai ɗumi, ya jira ya yi kumfa. Fulawa, suga, ƙwai, ɗan gishiri. Ya haɗe, ya juye a kan tebur, ya fara murza. Bota kaɗan-kaɗan, sai wannan ya shige a ƙara wani. Kwaɓin ya yi ta kama masa yatsu, ya ɗaga shi ya maka da tebur.

Tim.

A bikin 'yar wani dattijon coci abin ya faro. Mutane suka ci suka sha, kafin wayewar gari rabin layi na kan hanyar bayi, wasu har asibiti.

Tim.

Ranar taron Zumunta, Anti Hadassah ta miƙe tsaye ta ce ita ba ta son kama suna, amma akwai wani burodi da ba a san asalinsa ba, wanda ake kwaɓawa a bar shi yana kumbura kamar gawa.

Tim.

Daga ranar waya ta daina shigowa. Mama ta koma bencin baya a coci. Ta kife tukunyarta a bayan ɗaki. Jininta ya hau, ya ƙi sauka. Wata safiya ta faɗi a bakin famfo da bokiti a hannu.

Tim.

Sai shekaranjiya, da ya je sayen fulawa, Chinaza mai kayan kek ta ja shi bayan kanta. Tana cikin 'yan matan da suka raba abinci a bikin. Ta ce masa ba kek ba ne. Salak ne. Kuma kowa ya san wa ta haɗa salak.

"Za ka karya teburin," in ji Becky daga bakin ƙofa.

Ya duba. Kwaɓin ya yi sumul, yana sheƙi, ya daina kama hannu. Ya dunƙule shi ya sa a roba, Becky ta rufe da tsohon zanin Mama mai ruwan goro, suka ajiye kusa da kurfoti saboda garin da sanyin damina.

Mama tana da dokokinta. Ba a faɗa a kan kwaɓi, in an yi ba ya tashi. Ba a buɗe murfi sai hanci ya ba da izini. Na farkon tukunya ba ya kwana a gida. Wilfred ya tsaya a kan dokar farko, yana kallon zanin. Sun yi faɗa, har da mari. In ya ƙi tashi, to Mama ce ta hana.

Ya zuba gyaɗa a kasko yana juyawa. Ƙamshi ya tashi ya tsallake katanga.

"Wayyo ni Zainabu! Wa ke son kashe ni da rana tsaka?"

Anti Zainab ce, maƙwabciyarsu. Kanta kawai ake gani a saman katangar, ta yafa mayafi.

"Anti, sauko daga kan turmin nan!" Becky ta yi ihu. "Da wannan cikin? Malam Ayuba ya ji, mu zai kama!"

"Ayuba yana hanyar Gusau da tankarsa, wa zai gaya masa? Willy, ƙamshin gidan Mama ne ya dawo? Wallahi jiya sai da na yi mafarkinsa. Ɗan nan tun asuba yake harbina, ashe ya ji labari."

Wilfred ya yi murmushi, na farko a yinin. Mutum ɗaya ce a layin nan yake yi wa.

Lokacin da kowa ya gudu, ita ce ta ɗauko kujera ta ajiye a ƙofar gidansu, a bakin hanya, ta sa Mama ta kawo mata ragowar kek ɗin bikin. Ta zauna tana ci a hankali, tana gaida duk mai wucewa. "Ku zo gobe ku duba ko na mutu," haka take ce musu. Ita ta kwana da Mama a asibiti. Shekara da shekaru tana neman haihuwa, ɓari kan ɓari, Mama na yi mata addu'a ta wannan gefen katanga, ita tana amin ta wancan. Yanzu ga ciki ya tsufa, Mama ba ta gani ba.

Ya sa hannu a aljihu ya taɓa kwalin ashanar. Ya dubi garwashin kurfoti. Jefawa kawai zai yi, ya ci wuta, a wuce wurin. Har ya fara zaro shi.

Anti Zainab ta ƙara faɗin wata magana a kan haƙƙin maƙwabtaka, Becky ta yi dariya ta amsa mata. Shi bai saurara ba. Kunnensa na bakin ƙofa, inda wani takalmi ke ƙwas-ƙwas a kan siminti.

"Ina 'yan gidan? Ko marayun sun fi ƙarfin gaisuwa ne?"

Kan Anti Zainab ya ɓace daga katanga.

*

Anti Hadassah ta shigo da jaka a hammata, tabarau a karan hanci. Becky ta rusuna har ƙasa. Wilfred ya ɗan sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Anti."

"Kai wuyanka ciwo yake? Becky, samo min lemo mai sanyi. Ba na shagon kusa ba, nasu kamar ruwan wanka. Je bakin titi."

Becky ta dubi ƙanenta, kallon roƙo. Ta ɗauki ɗankwali ta fita.

Anti ta ja kujerar Mama ta zauna. Ta sa bakin lemar da ta shigo da ita ta ɗaga zanin da ke kan roba. Kwaɓin ya tashi. Ya cika robar, ya yi tozo.

"Abin nan ne dai? Ba ku daddara ba."

"Fasto ne ya ce."

"Fasto ne ya roƙe ni, gyara zancenka. Ba don shi ba, ko akuyata ba zan ba wa ba." Ta saki zanin. "Amma me za a yi? Mu aka ɗora wa gafara. Ubangiji ya ce bakwai sau saba'in."

"Anti."

"Mene ne?"

"Salak ɗin bikin nan. Wa ya haɗa?"

Hannunta ya tsaya a kan zif ɗin jaka.

"Wane biki?"

"An ɗauke wuta tun daren Juma'a. Firij ɗinki ya mutu. Da safe 'yan rabo suka ce miki yana tsami. Kika ce a ƙara masa mayonis a rufe da yankan ƙwai, baƙi ba sa shinshina abinci a gidan biki."

"Wa ya gaya maka wannan shirmen?"

"Ƙarya ne?"

Ta dubi ƙofa. Ta dubi katanga. Ta cire tabaran ta goge da gefen zani, ta mayar. Da ta sake magana, muryar ba ta coci ba ce. Ƙasa-ƙasa, babu ko rawa.

"To, in ma haka ne, sai me?"

Gyaɗar ta fara baƙi a kasko. Bai motsa ba.

"Kai yaro ne, ba ka san duniya ba. Mata ɗari suna bayana. In na faɗi, Zumunta ta faɗi, coci ya zama abin dariya a Sabon Tasha. Dole laifin nan ya sauka a kan wani. Uwarka kuwa me take da shi? Wace kujera za ta rasa?"

"Ranta ta rasa."

"Hawan jini ya kashe ta, je ka tambayi likita. Tun tana gidan ƙanena haka take, abu kaɗan ta sa a rai. Ni na ce ta daina cin abinci? Ni na ce ta koma bencin baya?"

"Kin zo jana'iza kin ba da waƙa."

"Kuma na ba da ita da kyau, kowa ya yi kuka." Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani. "Je ka faɗa, Wilfred. Hau mumbari gobe ka faɗa. Ka gama sakandare kana zaman kashe wando, shaidarka kuma wata 'yar kasuwa mai auna fulawa. Mu ga wanda zai saurare ku."

Ta nuna kasko da baki.

"Gyaɗarka na ƙonewa."

Ya sauke kaskon.

"Na yi hayar kujeru da rumfa, mai Keke Napep zai kawo. In ya iso ka je ka sauke, kar ka bar min su a ruwa, da sunana aka karɓo." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kuma tunda dole sai na ci, ka cika min kashu a nawa. In zan yi sadaukarwa, in yi ta da mai daɗi."

"Naki daban zan yi, Anti."

"Ka fara hankali."

Ta yi karo da Becky a zaure, ta karɓi lemon ta jefa a jaka ko godiya babu, ta wuce.

"Me ta ce maka?" in ji Becky.

"Kashu take so."

"Shi ke nan?"

"Je ki share tsakar gida, Sista. Zan ƙarasa."

*

Ya naushi kwaɓin, iska ta fita da huci. Ya raba shi kashi-kashi.

Ya narkar da bota da cakulan a ƙaramar tukunya, ya zuba suga da ɗan kirfa, ya juya har ya yi kauri yana sheƙi. Ya murje bawon gyaɗar, ya tsince waɗanda suka ƙone, ya daddaka ta sama-sama da kashu. Sannan ya ɗebi cakulan ɗin kashi guda ya zuba a wani kofi daban.

Tsintsiyar Becky na ta shar-shar a waje.

Ya zaro kwalin ashanar.

Ɗan tsunkule ya isa ƙaton namiji.

Ya juye duka.

Koren ya nutse cikin baƙin, ya ɓace kamar ba a yi ba. Ya ɗanɗana da bakin cokali ya tofar. Ɗaci kaɗan can ƙasan harshe, irin wanda za a ɗora wa cakulan. Ya ƙara suga. Kwalin ya jefa a garwashi.

Ya barbaɗa fulawa, ya murza kashin farko da kwalba har ya yi faɗi kamar faifai. Ya shafe shi da cakulan ɗin kofin, lungu-lungu. Ya watsa gyaɗa, ya cika kashu yadda aka umarce shi. Ya naɗe shi kamar tabarma, ya sa wuƙa ya tsaga shi biyu a tsaye, layukan cakulan suka bayyana. Ya ɗora wannan kan wancan, wancan kan wannan, kitso igiya biyu, yadda yatsun Mama ke yi ba tare da ta duba ba. Ya kwantar da shi a gwangwanin da ya shafa wa bota.

Bai taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Abin ya ba shi haushi.

Ya wanke kofin da kwalbar da wuƙar da sabulu, ya goge tebur, sannan ya kitsa sauran. Ya jera su suna sake tashi, na Anti a gaba.

Tukunyar Mama ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Ya juyo ta daga bayan ɗaki, ya kori gizo-gizo, ya zuba yashi mai tsabta a gindinta, ya ɗora a kurfoti har yashin ya ɗauki zafi. Na Anti zai fara shiga. Ya fito, ya huce, ya kai shi ɗakinsa ya rufe tun kafin sauran su cika tire a rasa gane wane ne wane. Lissafinsa ke nan.

Ya sa gwangwanin a kan yashi, ya rufe, ya kwashi garwashi ya zuba a kan murfi.

Ya tsuguna yana kallon wutar. Ramuwar gayya, an ce, ta fi ta gayya zafi. Yana ganin farin zanin. Yana ganin ta riƙe makirufo, gumi na keto mata, tana neman ƙofa da ido, mata ɗarin nata suna kallo. Ya jira daɗin ya zo masa. Bai zo ba tukuna. Ya ce gobe zai zo.

Ƙamshi ya fara fita. Bota, yis, cakulan mai zafi. Becky ta jingina da tsintsiya, ta rufe ido.

"Kamar za ta fito daga ɗaki ta ce wa ya taɓa mata kwalba," ta ce.

Wayarsa ta yi ƙara. Mai Keke ne. Ya shigo layi, taɓo ya riƙe masa ƙafar baya wajen kwalbatin da ya karye, kujeru na neman zubewa a kwata, ga hadari ya haɗo.

"Oga, ka zo da sauri, ni kaɗai ne!"

Wilfred ya dubi tukunya. Da saura.

"Sista, kar ki taɓa tukunyar nan. Yanzu zan dawo."

"Ni za ka koya wa?"

"Na ce kar ki taɓa."

"To, Fasto. Je ka."

*

Yanzun ba ta zama yanzu ba.

Sai da suka sauke kujerun kaf a gefen hanya, suka tura Keken, ya ƙi. Suka nemo katako suka cusa a ƙarƙashi. Yayyafi ya sauko. Ƙarfen rumfa ya zame ya faɗa kwata, sai da Wilfred ya shiga har gwiwa ya ciro. Da Keken ya fita, mai shi ya ce shi kam ba zai sake gwada layin nan ba ko za a ba shi Kaduna kyauta. Wilfred ya yi ta jidar kujeru a ka zuwa ƙofar gida, ya ajiye ya koma, ya ajiye ya koma. Ƙamshin na iso masa har waje. Ransa na kan tukunya.

Da ya ajiye na ƙarshe, ya shiga da gudu, taɓo har cinya.

Becky na tsugune tana fifita wuta, tana 'yar waƙar da Mama ke yi. Murfi a rufe, sabon garwashi a kai. Gwangwanayen da ke jira sun ragu da ɗaya.

"Na ce kar ki taɓa."

"Da na biye maka da gawayi za ka tarar. Hanci ya ba da izini tun ɗazu. Willy, ka ga yadda ya fito kuwa? Ja-ja-ja, ya tsage ta sama, na shafa masa ruwan suga yana ta ƙyalli. Wallahi hannunta gare ka. Na biyu ne a ciki yanzu."

Ya dubi tire. Babu komai sai zoben maiƙo.

Ya dubi tebur. Ya dubi taga.

"Ina yake?"

"Wa?"

"Na farkon."

Ta ɗago tana dariya.

"Kai ma dai. Shekara guda har ka manta? Na farkon tukunya ba ya kwana a gida."



Ya tuna. Mama da faranti a rufe da ƙyalle, tana miƙa shi ta ƙofar maƙwabta tun yana turiri, kafin kowa a gidan ya ɗanɗana. Kowane gashi. Ko na biki ne, ko na sayarwa.

"Da zafinsa na kai mata," in ji Becky. "Ka ga murna? Har da hawaye. Ko zama ban yi ba ta ɗora ruwan shayi... Willy? Wilfred! Ina za ka?"

Bai san lokacin da ya tsallake kujerun ba. Ƙofar Anti Zainab a buɗe take, ya faɗa ko sallama babu.

Tana zaune a tabarma a baranda, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bango, hannu ɗaya a kan cikin. Kofin shayi a gefe, ya kusa ƙarewa. Farantin Mama a cinyarta.

Guntun gefe ne kawai ya rage. Da ɓarɓashin kashu.

"A'a, mai kek da kansa! Shigo, shigo. Dubi ƙafarka, daga gona kake?" Ta lashi cakulan a babban yatsa. "Kar ka yi min dariya. Na ce yanka ɗaya zan ci in ajiye wa Ayuba, ɗan nan ya ce bai san zancen ba. Rabona da cin abu ya zauna min haka tun watan jiya."

Ya kafe farantin da ido. 

"Hannun Mama sak. Sai dai naka da ɗan ɗaci-ɗaci can ƙasa, ko cakulan ɗin yanzu ne haka? Ni ya ma fi min." Ta shafa cikin, ta ɗan yamutsa fuska, ta saki murmushi. "Ka ji shi, har ya fara juyi. Godiya yake maka."

Takun Becky ya tsaya a bayansa. Tana haki, mafici a hannu.

Ta dubi farantin. Ta dubi cikin Anti Zainab. Sannan ta zagayo ta dubi fuskar ƙanenta, ta daɗe tana dubawa. Maficin ya zame daga hannunta ya faɗi a siminti.

"Lafiya?" in ji Anti Zainab. "Me ya same ku kuka yi cirko-cirko?"

Becky ba ta ko juya ba. Muryarta ta fito siririya, kamar ba tata ba.

"Wilfred... ba duka na zubar a kwata ba?"